Malamin Arziki da Ɗan Ƙanwata

Ni manomin albasa ne, kuma ina kasuwancinta. Garkata tana cikin kwarin Tarka, ba nisa da Madawa. Yau kusan shekara 40 ke nan ina saye ina sayarwa, na ci riba, na kuma sha faɗuwa. Ban saba dogon rubutu ba, sai na lissafi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wata magana ce da ta faru gidanmu bara, wadda ta kusa raba ni da ɗan ƙanwata. Na san ba gidanmu kaɗai ta shiga ba, don na ji irinta a Buza, na ji a Tamaske, na ji a kasuwar Tunfafi.

Yaron shekararshi 23. Ubanshi ya rasu tun yana ƙarami, ni na riƙe shi. Ya bar kwaleji bai ƙare ba, ya komo garka. Shi ke ban ruwa, shi ke dashe, shi ke tsaye kan ƴan cira, shi ke ɗinke bakin buhu. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye. Amma tsaranshi duk sun tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Aljeriya. Wanda Allah ya taimaka yakan komo da babur da kuɗin aure. Shi kuwa yana nan cikin laka, yana kallo.

Wata rana cikin bazara, bayan an ƙare cirar albasa, ya same ni ƙofar gida bayan lisha. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi shiru. Na ce mashi: «Lafiya?»

Ya ce: «Kawu, so nake ka ranta mini jikka 50.»

Na ce: «Aure ne ya taso?»

Ya ce: «A'a, karatu za ni yi. Karatun kasuwanci.»

Sai ya ciro wayarshi ya nuna mini. Wani saurayi ne sanye da kwat, ya jingina da farar mota, yana magana cikin Faransanci yana surkawa da Hausa. Wai da shi ma talaka ne, har ya kwana tasha. Wai yanzu da waya kaɗai yake samun miliyoyi kowane wata, kuma ya ɗauki alkawarin fidda samari 1.000 daga talauci. Yaron ya ce mini ana kiran irinsu «koc», wato mai horo, kuma zai zo Madawa ranar lahadi.

Ban ce mashi ƙarya ne ba, don ban sani ba tukuna. Na ce mashi gani ya kori ji, mu tafi tare.

Abin da na gani a zauren

Wani zaure ne na haya. Kuɗin shiga jikka 5 kowane mutum, na biya jikka 10. Da na zamna sai na yi abin da na saba yi in na shiga kasuwa, wato ƙidaya. Mu 80 ne. Mafi yawa samari ne, da ƴan mata kaɗan, da wasu ma'aikata biyu da na sani. Tsoho ni kaɗai.

Anka saki kiɗa, malamin ya shigo ana tafi. Gaskiya ya iya magana. Awa 3 ya yi bai sha ruwa ba. Ya ce talauci cikin kai yake, wanda ya gyara tunaninshi ya gama da shi. Ya sa kowa ya miƙe ya ɗaga hannu ya ce shi attajiri ne. Ya kira mutum uku da ya zo da su, kowa ya faɗi yadda ya sayi mota bayan wata 6. Ba wanda ya san su a garin. Sannan ya faɗi wata magana da ban lura da nauyinta ba sai daga baya. Ya ce: «In kun koma gida, iyayenku da dattawanku za su ce muku kada ku yi. Ku yi musu haƙuri. Su ne sunka gaji talauci, suna son su bar muku gadonshi.»

Ina ta jiran a kai ga kasuwancin. Abin da na tsinta duka bai wuce wanga ba: ana sayen kaya daga Sin ta waya, a sayar ta waya. Wane kaya? Wurin wa? Nawa dako, nawa duwan? Ya ce wannan asiri ne, yana cikin mataki na biyu. Kuɗinshi jikka 150 ne, amma don ƙaunar da yake ma mutanen Adar ya mai da shi jikka 50, ga wanda ya biya cikin kwana 3. Akwai kuma mataki na uku, jikka 250. Wanda ya biya wannan, shi da kanshi zai zama uban gidanshi har wata 6, ya ba shi lambar wayarshi ta ainihi. Wanda kuma ba shi da kuɗin, kada shi damu: kowane mutum ka kawo ya biya mataki na biyu, kana da jikka 10.

Da anka ba da damar tambaya na ɗaga hannu. Na ce: «Malam, Allah shi gafarta maka. Kai wace haja kake sayarwa? Ina shagonka, ko sitonka, in je in gani?»

Ya yi dariya ya ce: «Baba, kasuwancin yanzu ba shi da shago.» Anka yi dariya.

Na ce: «To, na ji. Ga ɗana nan. Tunda ka tabbata zai sami miliyan cikin wata 3, koya mashi bashi. In ya samu ka ɗauki rabi, jikka 500 ke nan, ya fi jikka 50. Ni ne shaida, ni ne lamuni.»

Ya ce: «Abin da anka ba mutum kyauta ba ya ganin darajarshi.» Sannan ya juya ga samarin ya ce: «Kun ga abin da na faɗa muku ɗazu?» Zaure ya ɗauki tafi.

Yaron ya sunkuyar da kai. Ya goyo ni bisa babur har gida bai ce mini uffan ba. Nan na gane dabarar mutumin. Tun kafin in buɗe baki ya riga ya shaida musu cewa wani tsoho zai hana su. Da na yi magana, sai na zama shaidar gaskiyarshi.

Lissafin da na yi da dare

Barci ya ƙi zuwa, na kunna fitila na ɗauko littafina. Mutum 80, kowa jikka 5, jikka 400 ke nan. Na ga kamar mutum 20 sun rubuta sunansu a mataki na biyu. In sun biya, miliyan 1. In biyar daga cikinsu sun kai mataki na uku, miliyan 1 da jikka 250. Duka miliyan 2 da jikka 650, a gari guda. A fidda kuɗin zaure da na masauki da na man mota, saura nashi ne. Bai ɗauki buhu ba, bai biya duwan ba, ba abin da zai ruɓe mashi. Gobe ya wuce Ƙwanni, jibi Tawa. Ashe gaskiya ya faɗa da ya ce yana samun miliyoyi. Abin da bai faɗa ba, mu ne kasuwar tashi, mu ne kuma hajar.

Na kuma lissafa maganar kawo mutane. A ce kowa ya kawo uku, su ma kowa ya kawo uku. Layi na farko 3, na biyu 9, na uku 27, na huɗu 81, na biyar 243. Layi na goma ya kai 59.049. Layi na 16 ya wuce mutum miliyan 43. Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 17 a Nijar duka, yau mun ɗara miliyan 25, har da jarirai da tsofaffi. Ke nan kafin a cika layi na 16 mutanen ƙasar sun ƙare. Dole abin shi tsaya wata rana, kuma ranar da ya tsaya, na layin ƙarshe, waɗanda su ne mafi yawa, su ke tashi hannu banza. Ku ma ku ɗauki alli ku gwada, ba sai kun yarda da ni ba.

Yadda ni na koyi kasuwanci

Ina saurayi anka yi yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari. Gero bai yi ba, iyakar Najeriya kuma tana rufe. Mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin wani Alhaji mai fataucin albasa, ya ce mashi: «Ga amana.» Bai biya ko dala ba. Alhaji ne ma ke ciyar da ni, shi ke yi mini rigar salla.

Shekarar farko ban taɓa kuɗi ba. Dako nake yi da tsinta. Alhaji yakan ɗauki albasa ya matsa wuyanta da babban yatsa, ya miƙo mini ya ce in matsa. Da haka na san wadda ta bushe sosai da wadda anka ciro da ruwa a jikinta. Ya koya mini cewa albasar da anka ɗura ma takin zamani da yawa tana da girma da kyan gani, amma ba ta jimirin ajiya. Ya koya mini in shiga rudu in shaƙi iska, in san akwai ruɓa tun ban gan ta ba. A shekara ta uku na fara bin mota. Na kwana bisa buhu daga Galmi har Abijan. Na ga yadda ake magana da dillali, da yadda ake fidda la'ada, da yadda ake ba mace mai sari bashi a biyo shi ba tare da an ɓata ba. A shekara ta biyar ya buɗe mini littafinshi, na ga uwar kuɗi da riba da wanda ake bi da wanda ke bin mu.

Na kuma ga faɗuwarshi da idona. Wata shekara mota ta lalace a hanya, ta yi kwanaki cikin rana, rabin kayan ya zama ruwa. Alhaji bai ɓoye mini ba. Ya zamnar da ni ya lissafa hasarar gabana, ya ce: «Wanda bai iya faɗuwa ba bai iya kasuwa ba.» A shekara ta bakwai ya ware buhu 10 ya ce jarina ne, ya sa mini albarka.

Ba ni kaɗai na bi wagga hanya ba. Haka Alhazan Maraɗi da yawa sunka tashi, yaron wani ya zama uban gidan wani. Haka mutanen Tamaske sunka kafu a biranen Najeriya, wa ya ja ƙane, ƙane ya ja ɗan maƙwabci. Ba na cewa hanyar ba ta da aibi. Akwai uban gidan da ke cin ƙarfin yaro shekara 10 ya sallame shi da godiya kaɗai. Amma ko mugun uban gida an san gidanshi, an san shagonshi, ana iya kai ƙararshi wurin dattawa. Kuma ribarshi ɗaure take da ta yaronshi: in yaro ya sayo ruɓaɓɓiyar albasa, aljihun Alhaji ne ke kuka. Shi ya sa yake koyarwa da gaske. Malamin zaure kuwa, ranar da ka biya, ranar ya gama cin ribarshi. Ko ka samu ko ka rasa, bai shafe shi ba.

Mu mutanen Adar mun taɓa ganin baƙi masu kawo sani, ba yau anka fara ba. A 1975 anka fara dasa layukan dogon yaro cikin kwarin Majiya, ƙasar Buza, don tare iskar da ke kwashe ƙasa, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji da manoma. A 1984 aikin Keita ya fara, da kuɗin Italiya da taimakon FAO, mata sunka yi ta jidar duwatsu bisa kai, anka tare ruwa bisa tuddai, anka dasa miliyoyin itatuwa. A 1991 Mata Masu Dubara sunka fara a ƙasar Maraɗi, mata suna tara ɗan abin da suke da shi cikin akwati suna ranta ma juna, har abin ya bazu ƙasashe da yawa. Ba duka abin da anka yi ne ya ɗore ba. Amma waɗanda sunka koyar sun tsaya cikin rana tare da masu koyo, kuma wanda ke shakka yana iya hawa babur ya je Majiya ya taɓa iccen da hannunshi. Ba wanda ya ce asirin yana cikin mataki na biyu.

Ba mu kaɗai ba ne

Kada wani shi ce don ba mu yi zurfin karatu ba ne ake yi mana haka. Ana yi ma waɗanda sunka fi mu boko. A Amurka, a 2005, attajiri Donald Trump, wanda ya zama shugaban ƙasar daga baya, ya buɗe wata makaranta mai suna Trump University, don koya ma mutane neman arziki da cinikin gidaje. Zama na farko kyauta ne. Daga nan a kira ka karatun kwana 3, kusan dolar Amurka 1.500. Daga nan a kira ka babban mataki mai haɗe da uban gida, kusan dola 35.000, wato wajen sefa miliyan 20. Ɗalibai sun kai ƙara cewa ba su sami abin da anka yi musu alkawari ba, gwamnatin jihar New York ma ta kai ƙara a 2013. A watan Nuwamba na 2016 anka sasanta bisa dola miliyan 25, shi kuwa bai amsa laifi ba. Ku dubi matakan nan uku, ku dubi na zauren Madawa.

Nan kusa da mu, a Najeriya, an yi MMM, wadda wani mutumin Rasha mai suna Sergei Mavrodi ya ƙirƙiro. An yi ma mutane alkawarin riba 30 cikin 100 kowane wata, da masu jagora da ke tara jama'a suna koya musu yadda ake shiga da yadda ake jawo wasu. A watan Disamba na 2016 anka rufe asusun mutane, kuɗi masu yawa sunka salwanta. Duk da haka a watan Afrilu na 2025 wata mai suna CBEX ta sake rushewa da kuɗin jama'a. Suna ne ke sakewa, lissafin nan na 3, 9, 27 yana nan yadda yake.

Abin da ya faru da yaron

Na hana shi kuɗin. Na zaci magana ta ƙare. Ashe ya tafi wurin uwarshi, ita kuwa lokacin ta ɗauki adashenta, wanda take niyyar sayen ragon turka da shi. Ta ba shi jikka 50 ban sani ba.

Anka sa shi cikin wani zauren WhatsApp. Kullum da safe malamin yakan aiko murya ta ƙarfafa zuciya. Anka aiko mashi bidiyo 12. Daga baya na sa ya nuna mini su duka, don kada in yi ma mutum ƙazafi. Akwai abin amfani ciki: yadda ake ɗaukar hoton haja da kyau, yadda ake buɗe shafi a Facebook, yadda ake amsa ma mai saye da ladabi. Amma yaron da kanshi ya ce mini ya ga irinsu kyauta a intanet. Sunan masu sayar da kaya a Sin da hanyar kawo su, anka ce sai mataki na uku. Anka kuma aiko mashi takardar shaida ta waya, da sunanshi da zanen hatimi.

Don shi tara jikka 250, ya jawo abokanshi biyu. Kowannensu ya biya jikka 50, anka ba shi jikka 20. Ɗayan babur ɗin kabu-kabu yake tuƙawa na wani, ɗayan akuyoyinshi ya sayar. Bayan wata 2 anka kulle zauren, malamin kaɗai ke iya magana. Masu tambaya anka fidda su, wai suna da mugun tunani. Da damina ta sauka lambar ta daina shiga.

Ranan ina shirin tafiya gona, sai ga uban mai akuyoyin ya yi sallama. Mutum ne da muke salla sahu guda shekara 30. Bai ɗaga murya ba. Ya ce: «Alhaji, ɗanka ne ya ce ma ɗana abin na da kyau. Don gidanku ne ya yarda.» Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Munka tafi wurin hukuma, anka saurare mu, anka rubuta. Amma ba mu da rasit, ba mu da yarjejeniya, kuɗin kuma an aika su ne da sunan wani dabam, ba sunan da malamin ya faɗa ba. Yaron ya mai da jikka 20 ɗin nan ga abokanshi, kowa 10. Sauran har yau shiru.

Nawa laifin

Na yi niyyar in yi mashi faɗa sosai. Na tafi ɗakin ƙanwata na fara da ita, na ce ta zuba adashenta rijiya. Ta bari sai da na gama, sannan ta ce: «Yaya, na yi kuskure. Amma shekara 7 ke nan yana yi maka ban ruwa. Ka taɓa buɗe mashi littafinka? Ka taɓa tafiya da shi ko Galmi?»

Ban sami amsa ba. Na kira yaron na ce mashi: «Mi ka gani wurin mutumin nan da har ka ƙi maganata?»

Ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce: «Kawu, ka yi haƙuri. Shi ya ce mini ina iyawa. Ban taɓa jin wani ya ce mini haka ba.»

Maganar nan ta kwana da ni. A shekara 7 Alhaji ya mai da ni ɗan kasuwa, ni kuwa a shekara 7 na mai da ɗan ƙanwata ɗan ƙwadago. Kullum ina cewa yaro ne, sai ya ƙara hankali. Gaskiyar ita ce ina jin daɗin samun mai tsare mini garka wanda ba ya sata. Mutumin zauren bai shigo gidana da ƙarfi ba, ƙofa ya tarar buɗe, ni na bar ta. Ina jin dattawa da yawa, in sun faɗi gaskiya, haka abin yake gidajensu. Muna zagin yara da son banza, muna cewa banza ba ta kai zomo kasuwa, alhali ba mu nuna musu wata hanya ba, garka kuma ana ta rabawa tsakanin magada tana ƙanƙancewa.

Washegari na kai shi rudu. Na ware mashi kimanin buhu 10, na ce na ba shi bisa farashin lokacin cira, jikka 12 kowane buhu, bashi, jikka 120 ke nan. Na saya mashi littafi da biro. Na ce shi zai riƙa juya ta, shi zai tsince ta, shi zai zaɓi ranar sayarwa. Na nuna mashi wuyan albasa yadda anka nuna mini. Da kaka ta yi ya auna, buhu 7 sunka rage, sauran ruɓa da ramewa sun ci. Ya so shi yi kuka, na ce rubuta. Ya sayar jikka 26 kowane buhu, jikka 182. Buhu da dako da la'ada sun ci jikka 14. Ya biya ni 120. Ribarshi jikka 48. Ya kai ma uwarshi duka, ya ce saura jikka 2. Ba miliyan ba ce, kuma na shaida mashi wata shekara ana iya rasa har uwar kuɗin, kamar yadda da yawa munka sha wuya a 2023 da anka rufe iyakar Benin, motoci sunka koma zagaye ta Burkina. Amma kowace jikka cikin 48 ɗin nan ya san inda ta fito.

Shi ma ya koya mini. Yanzu shi ke ɗaukar hoton albasa ya aika ma abokin cinikina a Kumasi kafin a yi lodi, shi ke jin farashin Abijan da Ankara ta Gana tun da safe. Shi ya nuna mini cewa RECA, haɗin gwiwar majalisun manoma na ƙasa, tana amsa tambayoyin manoma ta waya cikin Hausa. Waya ba abokiyar gabana ba ce, kuma biyan kuɗin koyo ba laifi ba ne. Ana biyan tela, ana biyan makanike, ana biyan mai koya tuƙi, akwai kuma cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati. Sai dai a can, in ka gama, kana ɗinka riga a sa, ko ka tada inji a ji ƙararshi.

Ƴan'uwa, in irin mutumin nan ya zo garinku, kada ku yi ma yaranku tsawa kamar yadda na yi, don tsawar ya riga ya shirya mata. Ku zamna da su ku yi tambayoyin nan tare. Ban da karatun da yake sayarwa, mi yake sayarwa, kuma ina ne za a je a gani? Wa ya koya wurinshi cikin mutanen da munka sani, wanda za mu iya zuwa gidanshi? In an gama, wane aiki hannu zai iya wanda bai iya ba da? Domi sai cikin kwana 3? Akwai rasit da yarjejeniya da sunanshi na gaskiya? In sai ka kawo wasu za ka mai da kuɗinka, su waɗannan daga ina za su mai da nasu? Mai gaskiya ba ya fushi da tambaya. An ce in mutum ya ce zai ba ka riga, ka dubi ta wuyanshi. Yanzu sai a ƙara da tambayar ko tashi ce, don ana hayar kwat, ana hayar mota, ana ɗaukar hoto ƙofar gidan wani.

Ku kuma ƴan'uwana masu garka da shago da mota, ku dubi yaron da ke yi muku dako. Shekara nawa ya yi? Ku buɗe mashi littafi tun wani bai buɗe mashi waya ba.

Bana, in Allah ya yarda, ɗan ƙanwata zai bi mota zuwa Abijan karo na farko. Mai akuyoyin nan ma na kira shi garka, ubanshi ya yarda. Allah shi ba mu halal mai albarka, shi tsare mu da kwaɗayi, shi shirya mana zuri'a.